Iska a sama, abinci a ƙasa: yadda yanayin raino ke tsara makomar ƙwayoyin shimfiɗar huhu

A ɗakunan binciken da ake rainon ƙwayoyin halittar huhu, akwai rana guda da masu aikin suke ƙirga sauran kwanaki daga gare ta. Ita ce ranar da ake zuƙe ruwan da ya rufe ƙwayoyin daga sama, a bar su suna fuskantar iska, abincinsu kuma ya riƙa zuwa musu ta ƙasa kaɗai. Kafin wannan rana, duk wanda ya leƙa ta madubin ƙara girma zai ga ƙwayoyi iri ɗaya ne, shimfiɗe kamar daɓen tsakar gida, babu wadda ta bambanta da 'yar'uwarta. Bayan mako uku zuwa huɗu, in an dace, daɓen nan zai zama wani abu dabam: wasu ƙwayoyin sun miƙe tsaye sun fitar da geza mai kaɗawa, wasu sun cika da majina suna zubarwa, wasu kuma suna nan a ƙasa kamar yadda aka bar su. Ba a ƙara musu komai a cikin ƙwayoyin gadonsu ba, ba a kuma rage ba. Muhallin da suke ciki kawai aka sauya.

Wannan shi ne abin da masana ke nufi da rarrabuwar ƙwayoyi, wato yadda ƙwayoyi masu asali ɗaya suke kama sana'o'i daban-daban. Abin da nake son bayyanawa shi ne cewa ƙwayar huhu da aka ciro daga jiki aka ajiye a faranti tana zama abin da yanayin rainonta ya ba ta damar zama, don haka duk sakamakon da aka samo daga gare ta ba ya karantuwa daidai sai an haɗa shi da bayanin yadda aka rene ta.

Huhu yana da shimfiɗa iri biyu, kuma kowacce da halinta. Bututun iska, daga maƙogwaro zuwa rassansa, lulluɓe yake da ƙwayoyin da aikinsu shara ne. Masu geza sun fi yawa, kowacce tana ɗauke da 'yan gashi wajen 200 da tsawonsu bai wuce maikuromita 7 ba, suna kaɗawa sama da sau goma a daƙiƙa ɗaya, suna tura majinar da ta kama ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa sama, inda mutum zai haɗiye ta ko ya tofar. A tsakaninsu akwai masu zubar da majinar, da wasu masu fitar da furotin na kariya, sannan a can ƙasa akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda binciken ɗakin gwajin Brigid Hogan na Jami'ar Duke ya tabbatar a 2009 cewa su ne iyayen sauran. A ƙarshen rassan kuwa akwai 'yan jakunkunan iska, waɗanda wani ƙiyasi na 2004 ya sa yawansu a kusan miliyan 480 a huhun baligi. Ƙwayoyi iri biyu ne suka shimfiɗe su. Nau'i na ɗaya fale-fale ne ƙwarai, ya rufe kusan kashi 95 cikin ɗari na faɗin wurin, ta cikinsa iskar oksijin ke ratsawa zuwa jini. Nau'i na biyu dunƙulalle ne, shi ke haɗa sinadarin safaktan da ke hana jakunkunan mannewa in an fitar da numfashi, kuma tun a shekarun 1970 aka gano cewa idan nau'i na ɗaya ya mutu, na biyun ne ke hayayyafa ya maye gurbinsa.

Matsalar farko da masu rainon ƙwayoyin bututun iska suka ci karo da ita tana cikin abincin da kowa ya saba amfani da shi. Tun da aka fara wannan sana'a, al'ada ita ce a zuba ruwan jinin ɗan tayin saniya a cikin ruwan raino, domin yawancin ƙwayoyi suna bunƙasa da shi. Ƙwayoyin bututun iskar ɗan'adam sai suka ƙi. Da zarar sun ji ruwan jini sai su daina hayayyafa, su baje, su yi tauri kamar ƙwayoyin fatar waje. John Lechner da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka su ne suka haɗa ruwan raino marar jini a farkon shekarun 1980, wanda aka san kusan duk abin da ke cikinsa, kuma a 1986 rukunin ya nuna cewa babban mai laifi a cikin ruwan jinin shi ne furotin ɗin da ake kira TGF-beta. Abin lura a nan shi ne, a jiki mai lafiya shimfiɗar bututun iska ba ta haɗuwa da ruwan jini kai tsaye sai an ji mata rauni. To ke nan mai binciken da ya zuba jini a faranti, ba tare da ya sani ba, yana gaya wa ƙwayoyin cewa akwai gyambo, su kuma suna yin abin da suka saba yi a bakin gyambo.

Abu na biyu ya daɗe da sanuwa, amma daga wani ɓangare. A 1925 Burt Wolbach da Percy Howe na Boston suka hana ɓeraye sinadarin bitamin A, suka tarar shimfiɗar bututun iskarsu ta rasa gezarta da majinarta, ta koma busasshiyar fata mai ɓawo. Shekara saba'in bayan haka aka ga abin ya maimaita kansa a faranti. A 1996 Thomas Gray da Paul Nettesheim da abokansu a Karolina ta Arewa suka nuna cewa ƙwayoyin ɗan'adam da ba a ba su asid ɗin retinoyik ba, wanda jiki ke sarrafawa daga bitamin A, suna komawa masu ɓawo ko da an cika musu sauran sharuɗɗa, alhali ɗan ƙanƙanin abin da aka zuba ya isa ya mayar da su kan hanyar geza da majina. Wannan sinadari ba ya jure haske, shi ya sa ake ajiye shi a duhu, ake kuma zuba shi sabo-sabo, kuma sakaci kaɗan a wannan wuri na iya ɓata aikin wata guda. Duk wanda ya san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba yaron da ya kamu da ƙyanda bitamin A, zai fahimci cewa abin da ake gani a faranti yana da dangi a ɗakin kwanciyar yara.

A wannan aiki na 1996 an kuma gano cewa yawan abu mai kyau ma ɓarna ne. Sinadarin EGF, wanda ke zuga ƙwayoyi su hayayyafa, ana bukatarsa da yawa a farkon raino domin a cika faranti, amma idan aka bar shi a nanogiram 25 a kowace mililita, ƙwayoyin sai su yi ta hawa kan juna ba tsari. Da aka sauke shi zuwa 0.5 sai shimfiɗar ta daidaita ta yi kama da ta cikin jiki. Hayayyafa da kama sana'a ba sa tafiya tare a lokaci ɗaya, kuma kusan duk dabarun da aka ƙirƙiro daga baya sun ginu ne a kan raba waɗannan matakai biyu: a fara da abincin yaɗuwa, sannan a koma abincin balaga.

Sai batun iska, wanda shi ne ya fi kowanne tasiri. A 1988 Michael Whitcutt da Kenneth Adler da Reen Wu suka bayyana wani ɗan akwati mai hawa biyu da suka reni ƙwayoyin maƙogwaron ɓeran Masar a cikinsa, ruwa a ƙasa, iska a sama. Abin da ake amfani da shi yau jikan wannan ne: ɗan kofin roba wanda gindinsa tantani ne mai ƙananan huda, faɗin kowacce yawanci maikuromita 0.4, ana rataya shi a cikin wani ramin faranti da ke ɗauke da ruwan raino. A kwanakin farko bayan an zuƙe ruwan sama, mai aikin zai riƙa dawowa da safe ya tarar ruwa ya tsattsafo ta tsakanin ƙwayoyin ya sake rufe su, sai ya sake zuƙewa. Ranar da ya tarar saman a bushe yana ƙyalli, ya san ƙwayoyin sun ɗinke tsakaninsu, sun kuma fara tsotse ruwan da kansu. Wajen mako biyu sai a fara ganin wani ɗan rawa-rawa nan da can a ƙarƙashin madubi, kamar iska na taɓa saman kududdufi, wato gezar farko ke nan. Idan shimfiɗar ta balaga sosai, gezar kan haɗa kai ta riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya, kuma da yake majinar ba ta da mafita a cikin kofi mai da'ira, sai ta riƙa juyawa tana kewaya tsakiya kamar guguwa. Masu bincike a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill sun yi amfani da wannan juyawa a ƙarshen shekarun 1990 wajen auna saurin tafiyar majina. Majinar kan yi yawa har sai an riƙa wanke ta da ruwan gishiri lokaci-lokaci, in ba haka ba ta danne gezar.

Shekaru da dama ana amfani da wannan dabara ba tare da an san ainihin dalilin da ya sa take aiki ba. Mafi gamsarwar amsa ta fito ne a 2014 daga Jami'ar Miami, inda Benjamin Gerovac da abokansa suka nuna cewa ruwan da ke saman ƙwayoyi yana shaƙe su ne. Oksijin ba ya ratsa ruwa da sauri, ƙwayoyi masu aiki kuma suna cinye wanda ya iso gare su nan da nan, saboda haka zurfin 'yan milimitoci ya isa ya jefa su cikin ƙarancin iska ko da akwatin ɗumin da suke ciki cike yake da ita. Da suka rage zurfin ruwan, geza ta fito. Da suka bar saman a buɗe amma suka rage oksijin ɗin akwatin, geza ta ƙi fitowa. Sa'an nan suka toshe hanyar saƙon da ake kira Notch da wani magani, sai geza ta fito har a ƙarƙashin ruwa.

Wannan hanya ta Notch ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce alƙalin rabon sana'a a bututun iska. Saƙo ne da ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta ta hanyar taɓa juna. Wadda ta karɓi saƙon da ƙarfi takan bi hanyar masu zubar da ruwa da majina, wadda kuma ba ta karɓa ba takan kunna ƙwayoyin gado irin su MCIDAS da FOXJ1 ta zama mai geza. Saboda saƙon yana bukatar taɓa juna, yawan ƙwayoyin da aka shuka tun farko da irin cunkoson da suka yi kafin a buɗe musu iska suna shiga cikin lissafi. Wannan ne ya sa ɗakunan bincike biyu za su iya ɗaukar ƙwayoyin mutum ɗaya, su yi amfani da ruwan raino ɗaya, amma ɗaya ya sami shimfiɗa mai yawan geza, ɗayan ya sami mai yawan majina.

Shi kansa ruwan rainon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake haɗawa a gida bisa tsarin da rukunin Scott Randell na Chapel Hill ya wallafa, akwai kuma na kamfanoni, wanda da yawansu sirrin kasuwanci ne, ba a bayyana abin da ke ciki. A 2020 Vinciane Saint-Criq da abokan aikinta a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka reni ƙwayoyin masu cutar sistik faiburosis, cutar gado mai sa majina ta yi kauri, a ruwan raino iri biyu, suka tarar da bambanci a kason nau'o'in ƙwayoyi, da kaurin shimfiɗa, har ma da yadda ƙwayoyin suka amsa magungunan da ke gyara furotin ɗin CFTR, mai jigilar gishiri a jikin ƙwaya, wanda lalacewarsa ke jawo cutar. A ganina wannan shi ne wurin da ya fi damuwa a fagen baki ɗaya. Ruwan da ya ba da shimfiɗa mai kauri da kyan gani a hoto ba lallai ne shi ya fi kusa da gaskiyar jiki ba, kuma mai binciken da bai san abin da ke cikin kwalbarsa ba, ba shi da hanyar sanin ko abin da yake aunawa halin ƙwaya ne ko halin kwalba. Ko a cikin ruwan da aka san sirrinsa akwai abubuwan da sabo ya sa ba a ganinsu. Sukarin wasu ruwayen raino ya kai milimola 25, kusan ninki biyar na jinin mai lafiya. Kusan dukkansu kuma suna ɗauke da haidurokotizon, wanda maganin kumburi ne, shi ya sa masu nazarin asma sukan cire shi kwanaki kafin gwaji, don kada su auna kumburi a ƙwayoyin da aka riga aka ba magani.

Wani lokaci kuma da gangan ake karkatar da rabon. Idan aka zuba sinadarin IL-13, wanda garkuwar jiki ke fitarwa a cutar asma, a cikin ruwan ƙasa na tsawon mako ɗaya ko biyu, masu zubar da majina sai su yawaita, masu geza su ragu, majinar kuma ta yi kauri da furotin ɗin MUC5AC. Hoton da ake samu ya yi kama da na bututun iskar mai asma ƙwarai.

Akwai kuma tsufa. Ƙwayoyin tushe da ake samu daga huhun da aka cire a tiyata ko daga ɗan burushin da ake shafawa a cikin hanci ba su da yawa, dole a yaɗa su, a raba faranti ɗaya zuwa uku ko huɗu, a sake rabawa. Kowane rabo yana rage musu wani abu. A tsohon tsari, bayan rabo uku ko huɗu sukan kasa fitar da geza yadda ya kamata, jigilar gishirinsu ma ta yi rauni. A 2012 rukunin Richard Schlegel na Jami'ar Georgetown ya nuna cewa idan aka shimfiɗa su a kan ƙwayoyin ɓera da aka hana hayayyafa, aka ƙara maganin Y-27632, za su daɗe suna yaɗuwa. A 2016 Hongmei Mou da Jayaraj Rajagopal a Boston suka kai ga irin wannan sakamako ta hanyar toshe saƙon TGF-beta da ɗan'uwansa BMP, wato dai an koma kan tsohon mai laifin 1986. Duk da haka, yawan rayuwa bai zama cikakkiyar ƙuruciya ba, kuma nau'o'in da ba su da yawa su ne abin dubawa. A 2018 ne ma aka gano wata ƙwaya mai suna ayonosait, wadda ba ta wuce kusan ɗaya cikin ɗari na shimfiɗar ba amma tana ɗauke da CFTR mai yawa. Duk shekarun da aka yi kafin nan ana kwatanta ruwan raino da ruwan raino, babu wanda ya ƙirga ta, domin babu wanda ya san da ita.

Idan aka gangara zuwa jakunkunan iska, labarin ya ɗauki wata fuska, domin a nan ƙasan da ƙwaya ta taka ya fi iskar da ke samanta muhimmanci. Ƙwayar nau'i na biyu da aka ciro daga huhu aka ɗora a kan robar faranti takan fara bajewa cikin 'yan kwanaki, ta zubar da rumbunan safaktan ɗinta, ta fara nuna alamomin nau'i na ɗaya. An daɗe ana muhawara ko wannan rikiɗa ce ta gaskiya irin wadda ke faruwa a jiki, ko kuwa lalacewa ce kawai da ta yi kama da ita. Robar faranti ta fi tsokar huhu tauri ninki dubbai masu yawa, ƙwaya kuma tana jin taurin abin da ta kama ta hanyar jan zaruruwan cikinta. A shekarun 1990 masu bincike a Denver da Los Angeles suka yi wani gwaji mai sauƙi da ma'ana: suka reni ƙwayoyin ɓera a kan daskararren kolajin da ke manne da faranti, ƙwayoyin suka baje, da suka ɓamɓare kolajin ya taso yana yawo a ruwa ya tsuke, sai ƙwayoyin suka sake dunƙulewa suka koma haɗa furotin na safaktan. Sinadarin KGF ma an ga yana riƙe su a kan halinsu na nau'i na biyu. Yau an san cewa furotin ɗin YAP da TAZ su ne ke kai labarin tauri da miƙewa zuwa cibiyar ƙwaya, kuma shigarsu cibiyar na daga cikin abin da ke tura ta zuwa nau'i na ɗaya.

Saboda haka aka koma rainon su a cikin abu mai laushi, galibi Matrigel, wani daskararren ruwa da ake tatsowa daga wani ciwon daji na ɓera. A cikinsa ƙwaya ɗaya takan hayayyafa ta zama 'yar ƙwallo mai rami a tsakiya. Christina Barkauskas da Hogan sun nuna a 2013 cewa ƙwayoyin nau'i na biyu suna yin haka ne idan aka haɗa su da ƙwayoyin tsokar da ke maƙwabtaka da su a huhu, kuma a 2018 aka gano cewa ɗaya daga cikin abin da maƙwabtan ke ba su shi ne saƙon Wnt, wanda ke riƙe su a matsayin iyaye. Maƙwabci kuwa yana iya gyara tarbiyya, yana iya ɓata ta. A 2022 Jaymin Kathiriya da abokansa a San Francisco suka ga cewa ƙwayoyin nau'i na biyu na ɗan'adam, idan aka rene su tare da tsokar huhun baligi, suna iya rikiɗa su zama ƙwayoyin tushe irin na bututun iska, abin da na ɓera ba su yi ba a gwajin, kuma irin waɗannan ƙwayoyi da ba wurinsu ba ana samunsu a jakunkunan iskar masu cutar taurin huhu. Matrigel ɗin ma yana da nasa aibin, domin kowane zubi na iya bambanta da na baya, kuma fuskar ƙwayar da ya kamata ta kalli iska tana kallon cikin ƙwallon ne, inda mai gwaji ba ya kai wa sai da allura ko ya fasa.

Balagar nau'i na biyu tana da wani tarihi da ya fara daga garken tumaki. A 1969 Graham Liggins na Auckland a ƙasar Niyu Zilan ya lura cewa 'ya'yan tumakin da aka haifa bakwaini bayan an ba su sinadarai dangin kotizon tun suna ciki, huhunsu yana buɗewa tun kafin lokacinsa, kuma a 1972 shi da Ross Howie suka tabbatar da amfanin haka ga mata masu naƙudar wuri. Wannan ilmi ne ya shiga faranti, inda rukunin Philip Ballard ya nuna cewa haɗin dekzametazon, wanda ɗan'uwan kotizon ne, da sinadaran da ke ɗaga cAMP, wani ɗan saƙo na cikin ƙwaya, yana sa ƙwayoyin huhun ɗan tayi su cika da rumbunan safaktan cikin 'yan kwanaki. Shi dai wannan dekzametazon ne aka gwada a kan matan da ake fargabar za su haihu kafin lokaci a binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2020, wanda asibitocin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga, inda mutuwar jarirai bakwaini ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari.

Inda ikon yanayin raino ya fi fitowa fili shi ne wajen ƙwayoyin da ake mayarwa ƙuruciya daga fata ko jini, dabarar da Shinya Yamanaka ya cimma a ƙwayoyin ɗan'adam a 2007. A nan ba a fara da huhu ba sam, ana bin ƙwayar ne mataki-mataki da sinadarai har ta kai matsayin 'yar asalin huhu mai alamar NKX2-1. A 2017 ɗakin gwajin Darrell Kotton na Jami'ar Boston ya nuna cewa daga wannan mararraba saƙo ɗaya ne ke raba hanya: idan aka janye Wnt, ƙwayoyin su nufi bututun iska, idan aka riƙe shi da maganin CHIR99021 tare da KGF da haɗin dekzametazon, su nufi jakunkunan iska su zama nau'i na biyu. Har ma a nan sai da dabara, domin Wnt ɗin da ya kai su can yana hana su ƙarasa balaga, sai an janye shi na ɗan lokaci. Nau'i na ɗaya ya fi wuyar samu, sai a 2024 rukunin ya ba da rahoton samar da shi ta hanyar kunna YAP. Yawancin waɗannan ƙwayoyi har yanzu sun fi kama da na ɗan tayi fiye da na baligi, kuma wani ɓangare na dalilin a bayyane yake: huhun gaske yana miƙewa yana tsukewa sau dubbai a yini, faranti kuwa a sandare yake. Ɗan na'urar da Dongeun Huh da Donald Ingber suka ƙera a Harvard a 2010, mai tantanin da ake ja ana saki kamar numfashi, yunƙuri ne na cike wannan giɓi.

Masu nazarin bairos ne suka fi kowa sanin kuɗin da ake biya idan aka yi sakaci da waɗannan abubuwa. Bairos ɗin mura mai suna rhinovirus C, wanda aka gano a 2006, ya ƙi tsira a ƙwayoyin da aka saba amfani da su, sai a shimfiɗar da ta balaga, kuma a 2015 masu bincike a Wisconsin suka gano ƙofar shigarsa, CDHR3, wadda a jikin masu geza take. A watan Janairun 2020, lokacin da masanan ƙasar Sin suka ware bairos ɗin korona daga majinyatan Wuhan, a kan irin wannan shimfiɗa mai fuskantar iska suka shuka shi, kuma bayan sa'o'i 96 suka ga gezar ta daina kaɗawa. Ko zafin akwatin yana da ta cewa: a 2021 wani rukuni a Bern ta Suwizalan ya tarar bairos ɗin ya fi yaɗuwa a digiri 33, wanda shi ne kusan zafin cikin hanci, fiye da digiri 37 da kowane akwati ke kai bisa al'ada.

Wannan ne ya sa nake karanta rahotannin da suka ce an gwada wani abu a kan ƙwayoyin huhu da taka-tsantsan. Sau da yawa ƙwayoyin da ake nufi su ne A549, waɗanda aka samo daga ciwon dajin wani mutum mai shekara 58 a 1972, ko BEAS-2B da aka dawwamar da bairos a 1988. Suna da arha, ba sa mutuwa, suna da amfaninsu, amma ba su da geza, kuma A549 ba sa ɗinke tsakaninsu da ƙarfi irin na shimfiɗar gaske. Mai son sanin abin da ƙurar hunturu ko hayaƙin itacen girki ke yi wa hanyar numfashi, idan ya jiƙa ƙurar a ruwa ya zuba a kan irin waɗannan ƙwayoyi da ke nutse, ya auna gubar ƙurar ga ƙwaya tsirara wadda ke fama da ƙarancin iska. A bututun iska na gaske ƙurar a bushe take sauka, a kan majina, geza kuma tana ƙarƙashi tana ture ta, kuma kafin a iya kwaikwayon hakan a ɗakin bincike sai an yi haƙurin kwana 21 zuwa 28 ana sauya ruwan ƙasa duk bayan kwana biyu ko uku, wutar akwatin ɗumi ba ta ɗauke ba, ba kuma naman gwari da ya faɗa cikin faranti.